Tsaga Biyu a Kunnen Hagu

Abin da mahaifina ya fito da shi daga ƙauyenmu igiya ce. Ban da rigar jikinsa da carbin da ke aljihunta, ita kaɗai ce a hannunsa ranar da suka iso Maiduguri a ƙafa shi da mahaifiyata. Dangwali ne, doguwar igiyar nan mai madaukai da ake jera maruƙa a ciki idan za a tatsi iyayensu. Inna ta ce da aka fara harbi ya gama sakin maruƙan ke nan yana naɗe ta, sai ya ruga da ita bai ma san tana hannunsa ba. Ta daɗe tana yi masa gori, wai mutane sun sunkuci tukunya da bargo, shi ya sunkuci igiya.

Mu Shuwa ne, ƙauyenmu yana can bayan Konduga. Ni ne ɗa namiji tilo a wurin Baba, kuma ni aka tura boko tun ina ƙarami, don haka abin da na sani game da shanu bai wuce na ɗan hutun makaranta ba. Lokacin da abin ya faru ina aikin akawu a wani ofis, ina hayar ɗaki biyu a unguwar Umarari da sabuwar amarya. Muka ba su ɗaki ɗaya. Baba ya nemi ƙusa ya kafa a bango saitin kansa, ya rataye dangwalin. Garken kuwa, jajayen shanun da ya gada daga ubansa, waɗanda suka zo da bindiga sun kora su daji gaba ɗaya.

A gidanmu akwai al'adar da ba a wasa da ita. Ranar sunan jika, bayan an yi addu'a an yanka rago, kaka yakan ɗauki jaririn ya kai shi gaban garke, ya zaɓi maraƙa mace ya ɗaure ta a madaukin farko na dangwali, ya ce wannan taka ce, da ita da duk abin da za ta haifa. Sharaɗin shi ne ta zama jinin garken gida. Ta kasuwa ba ta shiga wannan lissafi, ko da ta fi kowace kyau. Haka kakana ya yi mini, haka aka yi wa Baba. Shaidar gidanmu tsaga biyu ce a kunnen hagu, kuma na taso ina jin wannan magana kamar karatun allo.

Saboda wannan shaida Baba ya hana kansa zama. Duk ranar da shanu suka shigo kara, wato kasuwar shanu, zai sa babbar riga ya ɗauki sanda ya tafi. Idonsa ya soma yin yana, daga nesa ba ya bambanta sa da jaki, don haka sai ya bi layi yana shafa kunnuwan dabbobin mutane ɗaya bayan ɗaya. Dillalai duk sun san shi. Da sun hango shi za su yi masa sannu da Barbarci su ce, “Wushe, Baba, yau ma babu taka,” shi kuma ya ce bari dai ya duba da hannunsa. Abin yana ƙona mini rai ƙwarai. Na yi masa faɗa, na roƙe shi, na ce masa shanun nan an cinye su ko an tsallaka da su wata ƙasa tun tuni. Sai ya ce, “Ya wiledi, saniya ba ta ɓacewa duka. Wata za ta haifi wata.” Wiledi da harshenmu ɗana ke nan, kuma idan ya kira ni haka na san maganar ta ƙare.

A gidan da muke haya akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta daga kudancin Borno, Kirista ne, shi yake koya wa mawaƙan cocinsu waƙa. Shi ma ƙauyensu ya tashi. Baba yana ce masa Malam, shi kuma yana ce wa Baba Alhaji, alhali Baba bai taɓa taka ko filin jirgi ba. Da Hausa suke hira, kowa da irin tasa karkatacciyar. Malam yana da talabijin da wani faifai da yake ji da shi, tsohon fim na Turawa mai waƙe-waƙe a kan wani ƙauyen Yahudawa a wata ƙasa mai sanyi, zamanin da. Wata ranar Asabar bayan azahar aka kawo wuta, ya leƙo ya ce, “Alhaji, zo ka ga ɗan uwanka, mai nono ne irinka.”

Baba ya tafi yana gunaguni, wai shi da Yahudawa me ya haɗa su. Na bi shi don in ga yadda za a ƙare. Aka sa masa kujera dab da talabijin har kamar zai sumbace ta, Malam ya zauna a gefensa yana fassara. Ba a daɗe ba Baba ya fara sukar mai nonon da ke cikin fim ɗin. Wannan wane irin mai nono ne, in ji shi, waƙa a ɗakin shanu, rawa a gaban kaji, yaushe yake tatsa? Da ya ga dokin mutumin ya gurgunce shi ne yake jan keken nonon da kansa, ya yi tsaki ya ce da an kawo masa dokin da kwana biyu ya warke. Amma da aka zo inda iyalin suka taru a kan abinci, uwar ta rufe kai ta kunna fitila, uban ya ɗora hannu a kan 'ya'yansa yana sa musu albarka, sai ya daina suka. Can ya ce, “Malam, waɗannan gemu gare su, ba sa yawo ba hula, matansu da ɗankwali. Alade fa?” Malam ya ce ba sa ci. Baba ya ce, “To ai mutanen kirki ne sanyi ya kama.”

Fim ɗin dogo ne, wutar kuma ba ta da alƙawari, sai da muka yi Asabar uku kafin mu kai ƙarshe. Duk tsawon lokacin Baba yana bayan uban. 'Ya'yan mutumin mata ne, kowacce ta kawo mijin da ba shi aka so ba, kowacce ta yaye wani gefe na al'adar da yake taƙama da ita. Baba yana ɗaga sanda yana yi wa talabijin faɗa, Inna tana daga tsakar gida tana cewa a taimaka a riƙe shi kada ya fasa wa Malam kaya. Na yi dariya sosai a kwanakin nan, kuma ban tuna wani lokaci da muka yi dariya haka ba tun zuwansu.

Ƙarshen ne ya ɓata komai. Wani jami'i ya zo da takarda ya ce mutanen ƙauyen su tashi su bar shi. Malam ya fassara, Baba ya kama hannunsa.

“Kwana nawa ka ce?”

“Kwana uku, Alhaji.”

“Kwana uku aka ba su?”

“Haka takardar ta ce.”

“Masu sa'a,” in ji Baba.

Sai ga mai nonon ya shiga wurin dabbobinsa shi kaɗai yana yi musu magana. Baba ya tambayi me yake cewa, Malam ya ce sallama yake yi da su, yana ce musu su ci abinci su yi biyayya ga wanda zai karɓe su. Baba ya ce a mayar da wurin baya, aka mayar, ya ce a sake. Da mutanen suka jeru a hanya da kayansu a kan keke, ya ce, “Sun koma?” Malam ya ce fim ɗin bai nuna ba. Daga baya a ƙofar gida ya gaya mini cewa a tarihi irin waɗannan mutane ba su koma ba, abin da ya same su a gaba ma ya fi wannan muni, amma shi ba zai faɗa wa tsoho haka ba.

Tun daga ranar, duk sanda aka kawo wuta da rana Baba zai buga wa Malam ƙofa. Ya daina neman waƙoƙin da rawar, wurin sallama da dabbobin nan kawai yake so. Wata rana da muka fito ya ce mini, “Shi wancan 'ya'yansa ne suka kwance masa al'ada. Ni nawa ba su yi mini komai ba, shanun ne babu.” A lokacin cikin matata ya fito, kowa ya gani, kuma na san abin da yake nufi. Ya ƙara yawan zuwa kara. Yana dawowa da kashin shanu a takalmi da gajiya a fuska, ya sauke dangwalin daga ƙusa, ya shafa masa man shanu, ya mayar. Ina kallonsa ina jin kamar in kama bango in girgiza. Ni da na iya rubuta takarda da Turanci a buga mata hatimi, na rasa ofishin da zan kai wannan magana.

Abin da na yi, ni kaɗai na ƙulla shi, ko matata ban gaya wa ba. Ban je kara ba, don can kowa ya san Baba kuma bakin dillali ba ya riƙe magana. Akwai wani abokina mai shagon kayan masarufi a unguwar Lamisula, wanda saninsa da saniya bai wuce tsire ba. Ta hannunsa na sayi wata jar maraƙa da aka yaye daga wani ƙauye, muka ɗaure ta a bayan shagonsa tsakanin buhunan gawayi. Saura kusan wata biyu haihuwa, na ce tsagar za ta warke kafin nan. Na sayi sabuwar reza. Abokina ya danne ta, ni kuma na tsaya a gabanta, na ɗaga hannuna na hagu kamar ɗan firamare don in tabbatar, na kama kunnen da ke saitinsa na tsaga sau biyu. Ta yi wani kuka da har yau yake dawo mini, jini ya ɓata mini wando. Na sa mata toka kamar yadda na taɓa gani ana yi, na koma gida ina jin na yi abin kai.

Labarin da na kai wa Baba shi ne wani ɗan uwanmu da ke zaune a Konduga ya ci karo da ɗaya daga cikin shanunmu a hannun wani manomi, ya karɓe ta, ta haifi mace, ya yi wa 'yar shaidar gida, uwar kuma ta mutu da damina. Na zaɓi mutumin da ba shi da waya. Baba ya miƙe zaune ya ce wace ce uwar, mai farin goshi ce ko mai karyayyen ƙaho? Na ce mai farin goshi. Ya ce, “Na sani! Wannan ko a wuta aka jefa ta sai ta fito.” Ya ce a kai shi Konduga gobe, na ce hanya ba kyau, za a kawo ta ranar suna. Inna ta dube ni ta daɗe, sannan ta ci gaba da tsince shinkafarta. Baba kuwa ya tafi ɗakin Malam da sauri har yana tuntuɓe, ina jin muryarsa yana cewa, “Malam, ni tawa ta dawo!”

Watanni biyun nan su ne mafi daɗi da ya yi a Maiduguri, kuma ban taɓa jin kunyar kaina kamar a cikinsu ba. Ya ci abinci har ya yi kumatu. Ya share wani gefe na tsakar gida a gindin dalbejiya, ya roƙi mai gidan haya ya yarda, ya kafa turaku biyu. Bai daina zuwa kara ba, sai dai yanzu yana zuwa ne da ƙarfin gwiwa, yana gaya wa dillalai cewa idan ɗaya ta fito sauran ma suna hanya.

Matata ta haifi mace. Ranar suna da safe aka yi addu'a, aka yanka rago, aka raba goro. Mutanen ƙauyenmu da ke warwatse a unguwanni suka zo, don labari ya kai musu cewa jinin garken Baba ya dawo. Malam ya zo da matarsa, ya sa kaftani da hula har ana tsokanarsa da cewa saura alwala. Baba ya shimfiɗa dangwalin tsakanin turakun nan biyu, madaukai a jere a ƙasa ba komai a cikinsu. Abokina ya shigo da maraƙar a Keke Napep, tana ta fizge-fizge. Inna ta miƙa wa Baba jaririyar a cikin zane, ya rungume ta da hannu ɗaya, aka jawo masa maraƙar.

Bai je ta gabanta ba. Ya zagaya ta bayanta kamar yadda mai tatsa yake yi, ya dafa gadon bayanta, ya bi da tafin hannu har wuya yana yi mata wani sauti da harshe, ta kuwa tsaya cak. Hannunsa ya hau kunnen hagu. A nan ne na gane kuskurena, don kunnen da ya kama ba shi na tsaga ba. Makiyayi daga bayan saniya yake tsayawa, hagunsa shi ne hagunta. Ni da na tsaya a gabanta muna kallon juna, haguna damanta ne. Yaron da ya yi kiwo na wata ɗaya ba zai yi wannan kuskure ba, balle ɗan uwanmu na Konduga da aka haifa a cikin garke.

Yatsunsa suka bi gefen kunnen daga tushe har ƙarshe, suka dawo, suka sake bi. Lafiyayye ne sumul. Sannan a hankali ya miƙa hannu ya kama na dama, ya sami tsagata biyu, karkatattu, ɗaya ta fi ɗaya zurfi. Tsofaffin ƙauyenmu da ke tsaye duk sun gani, kowa ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Na so ƙasa ta buɗe, amma ba ta buɗe ba.

Baba ya ɗago ya juyo da fuskarsa inda yake zaton nake tsaye. Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, “Ta sha wahalar hanya. A ba ta ruwa.” Ya matsa da jaririyar kusa da maraƙar ya ce mata da harshenmu, wannan taki ce, ubanki ne ya ba ki. A al'ada cewa ake yi kakanki ne ya ba ki daga abin da kakanni suka bari. Ya ce a kawo wata igiya, aka ciro ta shanya, ya ɗaure maraƙar a jikin dalbejiya. Dangwalin yana kwance a ƙasa har mutane suka watse, yara suna tsallake shi.

Bayan la'asar gida ya yi shiru, mata suna ciki. Na fito zan zubar da ruwan wanke hannu sai na gan shi a tsugune a gaban maraƙar, ya riƙe kanta da hannu biyu. Malam yana zaune a bakin ƙofarsa, ya ɗaga mini hannu alamar kada in matsa. Baba yana magana ƙasa-ƙasa, yana kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya. Mai farin goshi, mai karyayyen ƙaho, gajeriyar nan mai harbi, tagwayen da aka haifa shekarar ambaliya, tsohon bajimin da ba ya yarda kowa ya riga shi shan ruwa. Kowacce sai ya faɗi uwarta da uwar uwarta, ya ce ta yafe masa, bai samu ya yi musu sallama ba, ko kwana ɗaya ba a ba shi ba. Ya ce su ci abinci duk inda suke. Maraƙar kasuwa tana lasar masa hannu saboda gishirin zufa. Na tsaya da kwano a hannu ina kuka kamar yaro, ban iya zuwa wurinsa ba, ban kuma iya komawa ciki ba.

Da ya gama ya tumɓuke turakun, ya naɗe dangwalin a gwiwar hannu yadda ya saba. Na ce, “Baba, ka yafe mini.” Ya ce, “Ya wiledi, kada ka taɓa ɗaya kunnen. Zafin da ta sha ya isa.” Ya miƙo mini igiyar ya ce in sa a akwati, ƙusar nan a cire ta kada ta yaga wa wani riga.

Washegari aka kawo wuta da rana, Malam ya leƙo ya ce ko a sa wurin nan, Baba ya ce a'a, ya gode, ya riga ya gani. Ranar da shanu suka shigo kara na shirya da wuri, na ɗauko masa babbar rigarsa da sandarsa, ni da na shekara ina hana shi, na ce ya tashi in raka shi mu duba ko an dace. Yana zaune a tabarma da jikarsa a cinya. Ya ce, “Ka tafi aikinka. Da akwai wadda ta rage, da ba ka sayi reza ba.”

Ya ƙara shekara biyu a duniya bayan wannan, kuma bai sake tambayar kowa labarin saniya mai tsaga biyu a kunnen hagu ba.